Mai Raka Marasa Lafiya Gida

A wani daji, ana tsakiyar taro, wata 'yar barewa ta ɗaga murya ta ce, "Inna, tunda ke ce ba ki da lafiya, don me Raƙumin Dawa ke ba da labarin ciwon?"

Uwarta Lantana ta yi maza ta toshe mata baki. Sankarar mama ke damun Lantana, kuma ita ke jagorantar ƙungiyar masu ciwon da ke taruwa a gindin kanya suna ƙarfafa wa juna gwiwa. Masu bincike, wato su Raƙumin Dawa da Mujiya, su ne suka gayyato su, don an rasa dalilin da ya sa marasa lafiya ke shan magani sau ɗaya su ɓace. Ita ma ta daina zuwa shan maganin, ga ƙullutun sai girma yake yi.

An shimfiɗa musu tabarma a gaba, an yi hoto, sai jawabai.

Raƙumin Dawa ya ce, "Ni daga sama nake hango komai. Jahilci ne."

Mujiya ta ce, "Camfi ne, na san shi farin sani."

Da rana ta yi sanyi Lantana ta miƙe. "Allah ya gafarta malam, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maganinku ba laifi. Amma in mun sha jiri ke ɗibarmu, ƙafa ba ta gudu. Wadda kuka naɗa ta riƙa raka mu gida kuwa Kura ce. Ina Gwaggo Gada? Ina Tabawa Zomanya?"

Kura, da ke zaune a bakin ƙofa, ta daina sakace haƙora ta ce, "Haba Lantana! A cikinsu wa ya taɓa dawowa da ƙorafi?"

Aka duba, babu. Raƙumin Dawa ya ce zancen Lantana ra'ayi ne, sai an bincika. Aka kafa kwamiti, aka ba Kura shugabanci saboda kusancinta da marasa lafiya.

Lantana ba ta tsaya musu ba. Washegari ta jera 'yan ƙungiyarta, 'yarta a tsakiya, Iya Ɓauna a baya tana gadinsu, suka je suka sha magani suka dawo cif-cif. Haka suka riƙa yi, a kwana a tashi ƙullutun ya fara saɓewa, Kura ta fara ramewa. Masu bincike suka sanar cewa sun gano maganin yana ramar da ma'aikata.

Kai mai karatu, in an zaunar da kai a gaba, waiga ka ga wa aka bari a ƙofa.