Faffaɗan Tayoyina a Ranar Kai Amarya

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da muka kai ƙanwata Balkisa ɗakin mijinta, kuma ko na so in manta, dangi ba za su bar ni ba.

Bari in fara da motar. Na daɗe ina zuwa cin rani Kano, ina ɗinki a shagon wani mutumin garinmu, kafin Allah ya hore mini 'yar mota. Tsohuwa ce, ƙarama, ruwan toka, ƙofarta ta baya sai an ɗaga an lallashe ta take buɗuwa. Amma tawa ce. Ranar da na shigo da ita garinmu Matameye sai da na biyo ta bakin kasuwa, alhali hanyar gidanmu ba ta can take ba.

Abu guda ne ya hana ni sakewa, wato ƙafafunta. A Kano na ga motocin samari masu faffaɗan tayoyi, mota ta tsaya ta baje kamar ta ci ta ƙoshi. Tawa kuwa in ka hango ta daga baya, sai ka ce akuya ce a ƙarshen rani. Da bikin Balkisa ya matso, sai na je wajen masu sayar da tayoyi 'yan kwatano, wato na hannu, na zaɓo waɗanda suka fi kowanne faɗi. Ban sayi janti ba, wato ƙarfen da ake ɗora taya a kansa. A ganina taya roba ce, roba kuwa duk inda aka sa ta za ta bi. (Da wannan ilimin na ɗinkin wando na shiga harkar mota.)

Na kai su wurin Lawali mai faci, abokina tun muna lakwal, wato makarantar boko. Lawali irin abokan nan ne da in ka ce za ka kama kada da hannu, sai ya ce kawo rigarka ya riƙe maka.

Na ce, “Lawali, za su shiga kuwa?”

Ya ce, “Su shiga mana! In ba su shiga da arziki ba, za su shiga da sabulu.”

Da sabulun suka shiga. Muka yi gumi, muka taka, muka danna da ƙarfe, muka hura iska. Da aka gama, gefen kowace taya ya kumbura ya fito kamar fanke, jantin ya nutse a tsakiya. Lawali ya ja da baya, ya riƙe ƙugu, ya ce wallahi ko a Zinder bai ga irin wannan ba. Na ji kaina ya yi girma.

Da na koma gida, matata Hadiza ta leƙo, ta zagaya motar, ta ce, “Baban Nana, kumburin ƙafa take yi? A kai ta likita mana tun da wuri.”

Na ce mata ita ba ta san mota ba.

Na gwada motar a cikin gari, lafiya lau. Abin da ban tuna ba shi ne ni kaɗai ne a ciki, ni kuwa ba nauyi gare ni ba. In iska ta taso da ƙarfi, bango nake riƙewa.

Ana gobe kai amarya, maƙwabcinmu Alhaji Mamman ya ce a ɗauki Balkisa a babbar motarsa, tunda ƙauyen ango yana can bayan Yauri, hanyar kuma ba kwalta. Na miƙe a gaban Baba na ce, “Ƙanwata guda a ɗauke ta a motar aro ina raye? Ai sai a ce ba ta da wa.” Baba ya dube ni, ya ce, “To.” Aka bar wa motar Alhaji ƙawayen amarya.

Bayan la'asar aka fito da Balkisa a lulluɓe, tana kuka kamar yadda ya kamata. Mutum biyu ne za su sa ta a tsakiya. Ta farko Gwaggo, Hajiya Fati, yayar mahaifinmu, wadda Allah ya yi wa jiki ya kuma yi wa baki. Ta biyu Iya Mariya, gwaggon ango, wadda aka aiko ɗaukar amarya, ita ma ba a baya take ba, a jiki ko a baki. Tun a tsakar gida sun ɗan yi sa-in-sa a kan wadda za ta riƙe hannun amarya, aka sasanta kowa ta riƙe guda. Hadiza ta shiga gaba. Bayan motar kuma aka cika shi da buhun gero da kwanukan gara.

Gwaggo ta shiga, mota ta yi ƙasa ta hagu. Iya ta shiga, ta yi ƙasa ta dama. Na ga saman tayoyin baya ya ɓuya a cikin jikin mota, na kau da kai. Mata suka rangaɗa guɗa, muka tashi, mu ne a gaba.

A kan kwalta ba abin da ya faru. Har na fito da gwiwar hannu ta taga ina gaisawa da mutanen da ban sani ba. Muna sauka kan hanyar jar ƙasa muka faɗa ramin farko, sai daga baya, ta gefen Iya Mariya, aka ji:

“Fuuurrt.”

Mai karatu, ba sai na yi maka bayani ba. Ƙara ce da kowane mahaluki ya sani, wadda ba a yi a gaban surukai. Ni nan take na gane taya ce ke gogar jikin mota. Amma a kujerar baya ba wanda ya gane.

Ta madubi na ga Gwaggo ta juya a hankali ta dubi Iya, ta ce, “A'uzu billahi.” Ta miƙa hannu ta sauke gilashi.

A nan ya kamata in yi magana. Kalma biyu ce: taya ce. Amma in na faɗa, na amsa cewa tayoyina na da laifi, ga kuma Hadiza a kusa da ni. Sai na yi gum, na kunna rediyo.

“Kashe mana wannan abin,” in ji Gwaggo. Na kashe.

Rami na biyu ta ɗaya gefen ya zo. Wannan karon ƙarar ta fito daga ƙarƙashin Gwaggo, ta fi ta farko tsawo, har da wata 'yar wutsiya a ƙarshe. Iya Mariya ta gyara zama, ta ja mayafi ta toshe hanci, ta ce, “Ashe dai abin na gida ne.”

“Me kika ce?”

“Ban ce komai ba, Hajiya. Allah dai ya ba mu lafiyar ciki.”

Na saci kallon Hadiza. Ta cusa bakin zanenta a baki, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba. Ta gane. Na yi mata ido na roƙo, ta juya ta kalli gonaki.

Na rage gudu, ina kauce wa ramuka kamar mai tafiya a kan ƙwai, amma hanyar duk rami ce. Hagu ta yi, dama ta amsa. Wani lokaci su haɗa baki. Can kuma sai wari ya fara shigowa, warin roba mai ƙuna, wanda a wannan halin ba wanda ya tsaya tantance irinsa.

Gwaggo ta ce, “Baiwar Allah, in wake kika ci kafin ki zo gidan mutane, ki faɗa a tsaya miki.”

Iya ta ce, “Ni? Ni da ban sa komai a bakina ba sai goro? Wallahi da na san irin gidan da ɗanmu ya nemo aure...”

“Ƙarasa! Wane irin gida?”

Aure ne fa ke shirin tsinkewa tun amarya ba ta ga ƙofar ɗakinta ba. Na buɗe baki zan yi magana, sai na hango ƙauyen ango, jama'a sun fito bakin gari, makaɗa na kiɗa. Shaiɗan ya ce mini, saura kaɗan, daure. Na daure.

Akwai wata kwanar hanya kafin a shiga garin, da yashi mai zurfi. Na murɗa sitiyari, tayar gaba ta kama jikin mota ta ƙi juyawa. Na ƙara wuta. Motar ta yi wata doguwar ƙara, irin waccan dai, amma wadda duk garin ya ji, sannan tayar baya ta ce “fus”, ta zame daga kan janti. Muka karkace muka tsaya. Kiɗa ya tsaya. Hayaƙi na tashi daga ƙarƙashin inda Gwaggo take zaune.

Jama'a suka kewaye mu. Wani dattijo ya sunkuya ya leƙa, ya ce, “Ai taya ce ke cin jikin motar. Tun daga nesa muke jin ta.”

Gwaggo ta fito (sai da aka ɗaga ƙofar aka lallashe ta). Ta dubi tayar, ta dube ni.

“Kai. Ka san ita ce?”

Na sunkuyar da kai. “Na sani, Gwaggo.”

“Tun yaushe?”

Hadiza ce ta amsa a madadina: “Tun ramin farko.”

“Ka sani, ka bar ni ina zargin uwar mutane? Ka bar ta tana toshe mini hanci?”

Iya Mariya ta zagayo ta tsaya kusa da ita, ta ce, “Hajiya, riƙe mini mayafina.” Ban taɓa ganin mutum biyu sun shirya da sauri haka ba. Na ja da baya na raɓe a bayan dattijon nan.

Abin da ya cece ni wata ƙara ce daga cikin motar. Amarya ce. Jikinta na girgiza a cikin lulluɓi, kowa ya ɗauka kukan rabuwa da gida ne ya tsananta. Iya ta leƙa za ta rarrashe ta, sai Balkisa ta fashe da dariya, irin wadda ba ta tsayuwa. Ashe tun kan hanya take danne ta. “Wayyo Yaya,” take cewa, “wayyo cikina!” Iya ta kalle ta, ta kalli Gwaggo, sai ita ma ta ɓarke. Gwaggo ta dafa mota tana dariya har ɗankwalinta ya zame. Makaɗa suka ga abin ya zama na daɗi, suka ci gaba da kiɗa.

Motar Alhaji ba ta iso ba tukuna, don ta tsaya jiran ƙawayen amarya su gama shiri, sai aka jawo amalanken shanu aka shimfiɗa tabarma. A kansa Balkisa ta shiga garin mijinta, tsofaffin biyu na gefenta suna tafa hannu. Ni kuwa na bi su a ƙasa da buhun gero a ka, don Gwaggo ta ce hukuncina ke nan.

Washegari Lawali ya mayar mini da siraran tayoyina, yana cewa shi ma da ma ya yi shakka.

Bayan shekara Balkisa ta haihu, muka je suna. Ana zaune a tsakar gida, Gwaggo ta yunƙura za ta tashi daga tabarma, sai aka ji 'yar ƙara, wannan karon ba mota a kusa. Ko a jikinta. Ta gyara mayafi ta ce, “A duba tayar yaron nan.” Iya Mariya ta ce, “Ƙwarai kuwa, Hajiya, ni ma daga can na ji ta.”

Na dai koyi darasi: in abinka ne ya yi ƙara, ka amsa tun a ramin farko. In ka yi shiru, duk ƙarar da aka ƙara yi a dangi, kai za a ɗora wa har ka tsufa.