Maganin Sanyin Mai Girma

Wata Laraba da hantsi na tsinci kaina a ƙofar kantin giya a unguwar Sri Petaling, a nan ƙasar waje da muke zaune, da hijabi har ƙasa da takunkumi biyu a fuska, wata tsohuwa 'yar Sin tana auna min zafin goshi da bindigar nan ta roba. Ta dubi lamba, ta dube ni, ta sake duban hijabin.

Ta ce, "Anti, kantin magani yana gaba lah," da ɗan "lah" ɗin nan da suke ƙarasa magana da shi.

Na ce mata na sani, amma maganin da aka aiko ni nema a nan ake sayar da shi.

Masu karatu, kafin ku fara salati bari in gaya muku yadda ƙafata ta kai ni wurin. Ni a aji huɗu na tsaya a Yauri, kuma daga ka nake ciro labarin nan. In na sa Laraba a wurin Talata ku yi haƙuri.

Maigidana Malam Hambali, Allah ya jiƙansa, ɗan masunta ne. Shekara tara muna garin nan yana kai wa ɗalibanmu 'yan gida da ke unguwar Lembah Pantai kuka da daddawa da kifi banda. Da kaya suka daina zuwa daga gida, sai ya yanka ganga biyu ya kafa a bayan gidan da muke haya, yana bandar kifin nan garin da kansa. A shekarar korona ta biyu cutar ta kama mu tare. Shi aka ɗauke shi zuwa asibiti, ni aka ce in zauna a ɗaki. A waya na ga jana'izarsa, mutum huɗu cikin fararen leda, ban gane ko ɗaya ba. Na shiga takaba gari yana kulle, kamar an yi shela kowa ya taya ni. Cutar ta bar min raina ta tafi da hancina. Wata biyar ba na jin ƙamshi ba na jin wari. Ko miya ta ƙone, sai maƙwabta sun buga ƙofa.

Zamana a ƙasar nan a kan takardun Malam yake rataye. Da ya tafi, takarduna suka bi shi. Aka ce in ina son sunana ya shiga cikin waɗanda za a mayar gida, sai na kawo wasiƙa da sa hannun shugaban Kwamitin Share Hawayen Mazauna Waje. Wannan bawan Allah, Mai Girma Inuwar Zawarawa, Garkuwan Marasa Gata, an turo shi ne daga gida na mako biyu ya duba halin da muke ciki. Sai aka rufe filin jirgi. Shekara ɗaya da rabi ke nan yana duba halinmu daga hawa na talatin na wani otel. Ban ga laifinsa ba, daga can ana ganin kowa.

Sau huɗu ina zuwa ana dawo da ni. Farko hoto bai yi ba, hijabina ya saje da bango. Na biyu mai hatimi yana killace. Na uku aka ce takardar asibiti ta nuna Malam ya rasu, amma ba ta nuna ni ina raye ba. Na huɗu ranar hutu ce a gida, kuma kwamiti yana mutunta hutun ƙasashen biyu.

A na biyar Mai Girma da kansa ya ce a shigo da ni. Ya yi min ta'aziyya mai kyau, har da jan ayoyi. Wasiƙata tana gabansa, biro yana hannunsa. Sai ya ce sakatare ya ɗan ba mu wuri.

"Hajiya, marigayi mutumin kirki ne. Akwai wani maganin sanyi da yake kawo min duk wata. Tun da ya rasu ƙirjin nan bai zauna daidai ba."

"Allah ya sawwaƙe, ranka ya daɗe. Mene ne sunansa?"

"Ai ni ba na tambayar suna. Mai hayaƙi ne dai. An kawo min wasu, duk ba shi ba ne, ruwa ne kawai mai zafi." Ya ajiye biron a kan wasiƙar a hankali. "Ki bincika cikin kayansa. In kin dawo sai mu gama komai a lokaci ɗaya."

Ya miƙo min ambulan mai tambarin Tallafin Matan Mamata, ya ce in saya da abin da ke ciki. A iya sanina ranar ce ambulan ɗin nan ya fara shiga hannun matar mamaci.

Na dawo na zazzage akwatin Malam. Na sami flas ɗin shayinsa da wata leda baƙa mai rubutu. Na kai wa maƙwabciyata Sakinatu, wadda ke digiri na uku, ta karanta min. Ta karanta, ta gyara gilashi.

"Anti Hureira, wannan ba kemis ba ne."

"To mene ne?"

"Inda ake sayar da abin da ba a sha."

Na zauna a kan tabarmarta. Mutumin da na yi shekara ashirin da biyu ina yi wa shimfiɗa, wanda bai taɓa barin asuba ta wuce shi ba, ashe duk wata yana dakon wannan abu. Na ji haushinsa ƙwarai, kuma ba inda zan same shi in gaya masa.

Na ce, "Sakinatu, wanda aka aika ya sayo, zunubinsa nawa ne?"

"Anti, ni sinadarai nake karanta. Amma na ji an ce har mai ɗauka yana ciki."

"To mai riƙe wa bazawara takarda fa?"

"Shi ma ban ji an cire shi ba."

Haka na kai kaina ƙofar kantin. Tsohuwar, Madam Teoh, ta ba ni kujera, muka haɗa guntun Turancina da guntun Malayancina. Na nuna mata hoton Malam a waya. Ta gane shi nan take: dogon nan mai flas. Ta ce yakan saya, ya juye a flas a nan gabansu, ya bar musu kwalbar, sannan ya roƙi ruwa ya wanke hannu har sau uku. Mijinta yakan tsokane shi ya ɗanɗana, shi kuma ya ce aikinsa kaiwa ne. Wannan magana ta ɗan sauke min wani abu daga ƙirji. Na tambaye ta wace kwalba ce. Ta ce mijinta ne ya sani, kuma shi ma cutar ta ɗauke shi wata biyu bayan Malam. Muka zauna mu biyu muna kallon kwalabe fiye da ɗari, kowace da mijinta a ƙasa.

Ta ce, "Mai hayaƙi, boleh, zai yiwu. Ba su da yawa. Ki shinshina."

Na ce hancina ya mutu. Ta ce nata ma sai da ya yi wata uku, mu gwada.

Ta ɗiga na farko a ɗan faranti. Na sauke takunkumi. Ba komai, kamar ruwan famfo. Na biyu ma haka. Tana ɗigawa tana yi min bayani. Ta ce wiski iri biyu ne: akwai wanda ake gauraya na gidaje da yawa, akwai kuma na gida ɗaya, daga sha'ir kaɗai, ba haɗi. Na ce na gane, haka zuma take. Ta ce shi mai hayaƙin a wani tsibiri na Sikotilan ake yinsa, inda itace ya yi ƙaranci, sai su haƙo wata baƙar laka daga fadama su shanya, su ƙona ta, su busar da hatsin a kan hayaƙinta. Daga nan ya kwana a gangar katako shekara goma a bakin teku. Na ce ashe banda suke yi, hatsi ne dai a maimakon kifi.

Ta ɗiga na uku.

Ban sha ba, Allah ne shaidata, ko leɓena bai taɓa ba. Amma abin ya shigo hancina kamar an banko ƙofa. Hayaƙi ne farko, ba na gawayi ba, na itace mai laima da aka tilasta wa ci. A ƙarƙashinsa akwai gishiri da ƙarnin bakin kogi, da wani abu kamar filastar asibiti. Can ƙasa kuma ɗan zaƙi, kamar zumar da ta kama tukunya. Warin jikin Malam ne, lokacin da yake dawowa daga wurin gangunansa ya tsaya a ƙofa yana cire takalmi, ina ce masa ya wuce banɗaki kafin ya taɓa min labule.

Madam Teoh ta turo min takardar share hanci. Da na natsu ta ce yawancin mutane ba sa son wannan, suna cewa warin asibitin da ya ƙone yake yi, amma wanda ya so shi ba ya ƙara duban wani. Na ce haka 'yan'uwana suka ce da zan auri ɗan masunta.

Ina komawa gida na ciro rigarsa da na ɓoye ban wanke ba, na tusa fuskata a ciki. Warin akwati kawai. Ya fita tun lokacin da ba ni da hancin da zan tare shi.

Washegari na ɗauki kwalbar da na sayo da kuɗin ambulan na tafi otel. Flas ɗin yana nan, amma kayan mamaci ne, ba na ba da aronsa. Ledar da Madam ta ba ni kuma fara ce, ana ganin ciki. Na tarar kwamiti yana zama, mutum tara, an gama addu'ar buɗe taro ana shafawa. Na yi sallama, na durƙusa, na ajiye ta a tsakiyar tebur kusa da wasiƙata.

"Ranka ya daɗe, ga maganin sanyin."

Ba wanda ya yi tari. Mai Girma ya dubi kwalbar kamar bai taɓa ganin gilashi ba.

"Hajiya, mene ne wannan?"

"Ni ban iya karatu ba, ranka ya daɗe. Mai hayaƙi ka ce."

Ma'ajin kwamiti, wani dattijo mai tabon salla, ya leƙo ta saman gilashinsa daga can ƙarshen tebur. Ya ce, "Ai wannan ɗan shekara goma ne, na shekara sha shida ya fi lau—" sai ya tuna yana da tasbaha a hannu, ya koma kanta.

Ban taɓa ganin biro ya yi gudu irin na ranar ba. Sa hannu, hatimi, kwanan wata, har mai hatimin da ke killace ashe ya warke. Mai Girma ya ce an yaudari baiwar Allah saboda rashin ilimi, kuma kwamiti ba zai bari irin wannan ƙazanta ta koma hannun jama'a ba. Nan take aka kafa ƙaramin kwamiti na mutum uku, shi da ma'aji da sakatare, don lalata kwalbar.

Sunana ya shiga, ni ce ta arba'in da ɗaya. Jirgi dai an ce yana hanya, sau uku ana ɗaga ranar, amma takardata tana cikin jakata, kuma na yi istigfari gwargwadon iyawata, nawa da na Malam. Kafin jirgin ya zo, wani lokaci nakan bi ta wajen Madam Teoh mu gaisa. Ba na shiga. Takan fito da ɗan farantin bakin ƙofa, in sauke takunkumi minti ɗaya, in mayar, in wuce kasuwa.

Sakinatu ta ce ta ga rahoton ƙaramin kwamitin a waya. Sun yi zama uku, kuma sun lalata kwalbar gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan, ba a bar ko ɗigo ba. Masu cewa manyanmu ba sa ƙarasa aikin da suka fara, sai su nemi gafara.