Rasuwar Sifikar Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko kuwa ɗan abin da ya rage na zuciyar, iyalan Akawu mai ritaya na sanar da rasuwar sifikarsa ta hagu, wadda ta cika a kusurwar falo bayan doguwar jinya.

Marigayiyar doguwa ce, ta kai ƙirjin mutum, jikinta katako mai nauyi da sai ƙarti biyu ke ɗagawa. Baki uku gare ta: ƙarami a sama mai fitar da siririyar murya har da numfashin mai magana, da na tsakiya, da babba a ƙasa wanda in ya yi gurnani sai kofuna su kama rawa a kabad. Ba ta taɓa ƙara wa magana gishiri ba.

Ciwon ya fara ne daga robar da ta kewaye babban bakin, ta bushe ta riƙa marmashewa. Sai dishewar murya. Ranar ƙarshe ta ce "kirrr", aka ji ƙaurin waya, shi ke nan. Mai gyara ya buɗe bayanta, ya shinshina, ya ce an daina yin kayanta.

Ta bar 'yar'uwarta ta dama, da amfilifaya mai ƙara musu ƙarfin sauti, da wayoyi masu kaurin yatsa, da kaset guda. Ranar da aka kawo su gidan ne Akawu ya gwada ɗaukar magana a kaset ɗin da makirufo biyu, ɗaya gabansa, ɗaya gaban matarsa, Allah ya jiƙanta. Muryarta ta faɗa hagu, tasa dama. Tun da matar ta rasu, kullum da hantsi in ya kunna kaset ɗin, sifikar hagu kan ce, "Kai dai ba ka gajiya da wasan yara, shayinka zai huce," ta dama ta amsa, "Ƙara faɗa, ban ji ba." Yanzu in ya kunna, shiru ne, sannan amsar.

'Yarsa ta ce, "Baba, a sauya wayar mana, ta dama ta ɗauki muryar Mama." Ya ce, "Ba ta taɓa zama a wancan gefen ba." Bai yi kuka ba. Ya jira kukan, bai zo ba, ya tashi ya goge ƙurar kan sifikar.

Ba za a kai gawar ko'ina ba, za ta zauna a kusurwarta an lulluɓe ta da farin zane. Ana karɓar gaisuwa a falo da hantsi. A bar kujerar hagu ba kowa. Idan aka ji muryar Akawu ta ce, "Ƙara faɗa, ban ji ba," don Allah kada wanda ya amsa.