Sharaɗin Rago a Shafinmu na Intanet

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na je nema wa Mubarak aure a Babban Giji ba. Mubarak ɗan wana ne, a hannuna ya tashi. Ni kuwa sana'ata bayar da hayar kujeru da rumfunan biki a Gyadi-Gyadi, kuma na gaji da mutane, gaskiyar magana ke nan.

Da yaron ya gama karatu sai ya ce zai buɗe mana shafi a intanet, wai mutum yana kwance a ɗakinsa ya zaɓi rumfa. Na ce to. Ya ce saura sharuɗɗa da ƙa'idoji, waɗanda mutum zai danna ya ce ya amince. Ya karanto min wasu da ya tsara, duk ladabi, kamar mai roƙon gafara. Na ce, "Goge. Zauna in faɗa maka, kai dai rubuta."

Ranar na amayar da abin da ya daɗe a cikina. Ban da hawa kan kujera don ɗaukar hoton amarya. Ban da goge maiƙon hannu a jikin yadin rumfa. Ban da ara wa maƙwabci kujerata ya yi nasa sunan washegari. Sai na zo kan wanda ya fi ci min rai, na ce ya rubuta: "Ban da ɗaure rago a ƙarfen rumfa, kamar wani mai tumbi a Babban Giji, da ragonsa ya ja rumfa ta rufta kan baƙi ranar suna, ya rantse min wai iska ce, alhali ga igiya a jikin ƙarfen."

Mubarak ya ce, "Baba, a cire tumbin nan mana."

Na ce, "Ƙarya na yi masa?"

Sai ya ce ai dama ba mai karanta wajen, kowa dannawa yake ya wuce. (Na so in ji haushi, wato duk wannan hikimar tawa a banza?)

Bayan wata da watanni yaro ya ga yarinya, manya suka ba da rana. Na sa babbar rigata, na ɗauki ƙannena biyu da goro da alawa. Muna shiga falon na ga baffan yarinyar, wanda maganar aurenta ke hannunsa, Alhaji Sabo. Tumbin na fara ganewa kafin fuskar. Kai, har ya ƙaru.

Na durƙusa na gaishe shi kamar ban taɓa ganinsa ba. Na ce a raina, ai ba mai karantawa.

Ashe akwai masu karantawa: dangin yarinyar da ake nema. Su da ke bin unguwa suna tambayar ko yaro yana sallar asuba, shafi ne zai gagare su? Ƙanin Alhaji, Malam Nasiru, malamin makaranta ne, shi aka ɗora wa binciken. Ya gyara tabarau, ya zaro waya ya ce, "Mun duba sana'ar yaro, masha Allah. Amma Yaya, bari ka ji wani wuri."

Ya karanta a hankali, kamar mai ba ɗalibai shifta. Da ya zo kan tumbi sai ya dakata, ya ɗago ya dubi yayansa. Ni kuwa na ƙura wa kafet ido, ina ƙirga furanninta. Na ce shi ke nan, na kashe wa yaro aure da bakina, me zan je in ce wa uwarsa?

Sai wani dattijo a gefe ya buga cinya ya ce, "Sabo! Ashe rago ne? Ni da rumfar ta faɗo wa a ka, ka ce min guguwa ce daga gabas!"

Falo ya kece da dariya. Har daga cikin gida muna jiyo mata suna shewa, wata tana cewa dama ita ta ga igiyar. Alhaji Sabo ya cire hula, ya shafa kai, ya nuna ni da ita.

"Malam, ragon na yarda. Amma tumbin nan dole ne sai duniya ta sani?"

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, yaron ya ce a cire, ni na hana."

Ya ce, "To yaron ya fi ka hankali. Shi mun ba shi. Kai kuwa ranar biki kai za ka kafa rumfa da hannunka, ina zaune ina kallo."

Haka aka yi. Na kafa, yana zaune yana ba ni umarni, ana ta yi mana dariya, aka ɗaura aure lafiya.

Ban daina masifa ba, girma ya riga ya zo min da ita. Amma yanzu a bakin shago nake yin abata, inda kafin la'asar kowa ya manta. Wadda aka rubuta ba ta zuwa ko'ina, zama take ta jira ka a gidan surukai.