Shaidar da Ba Ta Sha Shayi Ba

Ku matso ku zauna, ku ji yadda aka kwashe a saman benenmu na birnin Fas. Sufyan, yaron gidanmu, ya jera tukwanen na'a-na'a shida don gasar kimiyya ta makarantarsu. Uku yana zuba musu ragowar shayi, uku ruwa zalla, waɗanda malaminsu ke kira "shaidu", don da su ake gane ko shayin ne ya sa tsiro. Ana gobe gasa ya hau da ma'auni, ya tarar da kakarsa Lalla Zuhur riƙe da butar shayi.

"...lafiya lau, tsohuwa. Me butar nan take yi a kan shaiduna?"

"Mijin banza, ko gaisuwa ba ka ƙarasa ba. Shayi nake ba su."

"Shayi! Ai shaida ba ta shan komai sai ruwa!"

"A gidan wa? Ko ɓarawo ya shigo nan sai ya sha shayi, balle mai shaida."

"Kin kashe ni! In duka sun sha, da me zan kwatanta?"

"Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Tun babanka bai yi haƙori ba nake ba na'a-na'a shayi."

"Alƙalan gasa ba su san babana ba. Gani ya kori ji. Nawa kike zuba musu?"

"Kofi."

"Kofin mililita nawa?"

"Kofin da kakanka ya sha ya yi shekara tasa'in."

Sufyan ya fizge kofin ya auna. "Mililita ɗari. Kofi goma lita guda. Kin ɗura musu ya kai lita biyu, wato mililita dubu biyu!"

"Daga biyu ka koma dubu biyu? Haka ake koya muku ƙarya? To gobe ka kawo mini sukari giram dubu, kada ka kuskura ka kawo kilo ɗaya."

"Ai duk ɗaya ne!"

"To me ya sa kake ihu?"

Yaro ya zauna daɓas, ya dafe kai. "Shi ke nan, na fita daga gasa. Na sake ki, saki uku."

"Da wane sadakin ka aure ni? Tashi ka dubi waccan ta lungu, mai karkataccen wuya."

Ya duba. Ɗaya daga cikin shaidun ce, 'yar tsugul, ganyenta tsilla-tsilla.

"Ita ban taɓa ba ta ko ɗigo ba," in ji Lalla Zuhur. "Sunanka na sa mata. Wanda bai iya gaisuwa ba, ba ya shan shayina."

"Rantse!"

"Na rantse da haƙorina guda da ya rage."

Sufyan ya ɗora ma'auni. "Santimita huɗu ta ƙaru, sauran tara-tara! Shaida guda ta yi kaɗan, amma zan faɗa musu gaskiyar abin da ya faru."

"Ka rubuta milimita arba'in, takwararka ta ji daɗi. Kuma ka sa sunana."

"Zan sa. A ƙarƙashin abubuwan da suka ɓata gwaji."

Tsohuwa ta tuntsire da dariya har buta na tangaɗi. Ta cika kofin nan ta miƙa masa. "Ungo mililita ɗari, na mai da aurenmu."

To ku fa, wa ya ceci gwajin nan: ilimin jika ko gabar kaka?