Filashina da Kiɗan Bikin Talatu

Ko da zan zama farfesa, ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a kafen intanet na Madam Rahila da ke Kakuri ba. A lokacin wata jami'a a waje ta buɗe gurbin digirin digirgir a fannin kilawud, wato ajiye bayanai a intanet maimakon a kwamfuta ɗaya. Karatu kyauta, masauki kyauta, har da kuɗin cefane. Wata uku na yi ina rubuta tsarin bincikena, kuma ranar ƙarfe huɗu na yamma za a rufe karɓa.

Taken binciken nawa? Yadda ƙananan 'yan kasuwa za su daina asarar bayanansu. Ku riƙe wannan.

A watannin nan na zama mai wa'azi. Duk wanda na gani da filashi sai na girgiza kai kamar na ga mai shan ruwan kwata. Madam Rahila kuwa ta fi kowa shan wa'azina. "Madam, a wannan zamanin kina tara aikin mutane a kwamfuta ɗaya? Ranar da wutar NEPA ta ƙona ta fa?" Sai ta ce, "To Dakta, mun ji." (Ban fara karatun ba, amma sunan ba ya yi mini ɗaci.)

Ni fa? Kwamfutata ta mutu tun Litinin, kuma aikin nan kaf yana cikin filashi guda ɗaya tak. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ƙarfe uku na shigo kafe da taƙama, wuri cike da masu cike fom. Na soka filashi, na buɗe. Babu takarda ko ɗaya, sai waƙoƙi jere reras. Na danna ɗaya, ko Allah zai sa aikina ne ya canja suna. Sai kiɗa ya ɓarke a lasifika, kowa ya waiwayo.

Na kira ƙanwata Talatu, wadda za a yi bikinta washegari.

"Yaya, ai mai kiɗa na ba shi jiya ya zuba waƙoƙin biki, sannan na mayar maka. Ya ce ya cika, sai ya goge."

Wayyo Allah! Zufa ta keto mini har cikin takalmi. Wata uku, da jirgin da na riga na hau a zuciyata, duk sun tafi.

Madam Rahila ta leƙo. "Dakta, lafiya? Ɗauko shi a kilawud ɗinka mana."

Na hau sosa ƙeya. Wani dattijo mai jiran fom ɗin fansho ya ce, "Au, ba shi da shi?" Kafe ya kwashe da dariya. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Madam ta bar ni na dahu sosai, sannan ta ja kujera, ta buɗe asusunta na kilawud. Ga aikina nan, wanda na kawo ta buga mini makon jiya.

"Tun da ka dame ni, duk abin da aka kawo sai na ɗora shi can," in ji ta. "Ni na ji wa'azi, Dakta."

Saura minti goma sha biyu na tura. Na samu gurbin kuwa, kuma a shafin godiya na kundin digirina sunanta ne na farko, kafin na malamaina.

Yanzu in na ga mutum da filashi ba na ce masa uffan. Sai in koma gefe a hankali, in duba ko na ɗora nawa.