Neman Wanda Bai San Komai Ba

Wani mutum ne a jami'a, nahawun Turanci ya kayar da shi har sau biyu. Aka gaya masa in ya faɗi na uku, ya tattara komatsansa ya bar makaranta. Hankalinsa ya tashi, don tuni surukai sun fara kiransa Malam.

Sai ya tare wata ɗaliba da kullum take zuwa ta ɗaya a ajinsu, ya roƙi sirrin. Ta ce ita littafi ta ware, duk kuskuren da ta yi sai ta rubuta a ciki, ta riƙa dubawa. Gogan naka ya sayi littafi mai kauri, ya cika shi taf da kurakurai, ya haddace. Aka yi gwaji, ya zubo su tsaf, ko ɗaya bai manta ba.

Ya koma mata rai a ɓace. Ta dafe kai, ta ce to ya nemi wanda bai san komai ba ya riƙa koya masa, mai koyarwa ba ya mantuwa.

Ya dawo gida ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki.

"An ce in nemi wanda bai san komai ba. Na duba unguwar nan kaf, ban ga kamarki ba."

Ta ce ta gode.

Kullum da la'asar sai ya ja kujera kusa da keken, ya buɗe littafi ya yi ta zuba kamar rediyo. Baki na karatu, ido na kan ƙwallon da ake nunawa a talabijin. Ita kuwa tana taka keke, tana "uhm."

Ana gobe jarrabawa ya ɗauko tambayoyin bara. Ya karanta ta farko da ƙarfi, ya hau susar ƙeya. Matar, da allura a baki, ta faɗi amsa. Ya duba takardar amsoshi, haka ne. Tambaya ashirin cif, ita ba ta kuskure ko ɗaya ba, shi bai ci ko ɗaya ba.

"Ke, a ina kika koyi wannan?"

"A wajenka mana, maigida."

"To ni ina nake lokacin?"

Ya kashe talabijin, ya kwantar da murya.

"Don girman Allah ki koya mini kafin gobe."

Ta cire allurar daga baki, ta gyara zama.

"Matso da kujerar. Dama ni ma ina ta neman wanda bai san komai ba."